Kawu, shirin yawon Amstadam na neman raba ni da abokaina

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan unguwar Yelwa ne a Garwa ta Kamaru, shekarata uku ina karatu a Lil, arewacin Faransa. Mu bakwai ne da muka yi sakandare tare, Allah ya warwatsa mu: ni da wani a Lil, biyu a Faris, biyu a Burusel, ɗaya a Jamus. Rabon da mu zauna wuri ɗaya tun muna gida. Na kawo shawarar mu haɗu wuni ɗaya a Amstadam, babban birnin Holan, cikin hutun Yuli, kowa ya yi na'am, aka ɗora mini shirin. Na tsara wurare 11 da za mu gani, lissafi ya kama yuro 120 kowane mutum, ban da kuɗin mota. Tun da na tura lissafin a WhatsApp, Dogo, wanda yake wankin kwanuka da dare a Burusel yana aika wa gida, ya yi tsit. Da na kira shi sai ya ce wai aiki ya yi masa yawa. 'Yan Faris sun ce su jirgin ruwa mai kiɗa suke so, a raba dare ana cashewa. Wanda muke kira Ustaz ya ce garin wiwi ne da mata masu zaman kansu, in ba a gyara ba a cire sunansa. Biyu daga cikinmu ba su iya ruwa ba. Ga shi Inna ta ji labari a bakin ƙanwata, ta kira ni tana tambaya ko na fara lalacewa ne. Kawu, in fasa ne kawai?

Ɗanka daga Lil

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka fasa. Amma takardar nan mai wurare 11, ka yage ta tun yau. Mutum bakwai da suka shekara uku ba su ga juna ba, ba gidajen tarihi suke marmari ba. Marmarinsu su zauna su yi wa juna shaƙiyanci, a tuno malamin lissafin da yake jifa da alli, a ji wa ya yi ƙiba, wa aka yi wa baiko a gida bai faɗa ba. Wurare 11 a wuni ɗaya, ai kai za ka zama mai kiwo da sanda, su kuma awaki, kana kora kana duba agogo, magariba ta yi ba wanda ya yi hira da wani.

Da Dogo zan fara, domin duk sauran matsalolinka ƙanana ne a kan tasa. Ba aiki ne ya yi masa yawa ba, kai ma ka sani. Kai ka rubuta yuro 120, shi kuwa da ya karanta, sefa ya gani. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, farashin da ba ya motsi, ka ga kuɗin nan ya haura sefa 78,700. Wanda yake aika wa gida ba ya kallon kuɗi irin wannan a matsayin kuɗin yawo. Buhun masara yake gani, da kuɗin makarantar ƙanne, da maganin tsohuwa. Akwai kuma abin da ba ka sa a lissafinka ba: mai aikin gidan abinci in ya ɗauki hutun Asabar, ya yi asarar daren da ya fi kowane dare ciniki. Wato shi sau biyu zai biya. Kuma ka tura lissafin a gaban jama'a, inda ba shi da hanyar cewa "ba ni da shi" sai ya zubar da girmansa gaban 'yan Faris. Shirun da ya yi, shi ne kawai mutuncin da ka bar masa.

Kada ka kira shi ka ce "kar ka damu, ni zan biya maka". Ɗan Garwan da na sani zai yi maka godiya sosai, ranar tafiya kuma wayarsa ta mutu. Abin yi shi ne ka koma cikin taron ka ce kai ne ka yi kuskure, shirin ya yi nauyi, ka sake wani. Ka ɗora laifin a kanka, ba ka rasa komai ba. Sabon shirin ya zama abu ɗaya tak ake biya tare, wato hayar kwale-kwale, sai ɗan kuɗin abinci. Ka yanke ƙaramin kaso da ka tabbata aljihun Dogo zai ɗauka ba tare da ya ji ciwo ba, kowa ya turo maka a keɓe. Mai hali da ya ga dama ya ƙara, ya ƙara a ɓoye, kuma ba mai ganin jerin sunaye da abin da kowa ya bayar sai kai. Haka iyayenmu suke karo-karon biki tun kafin a haife ka. Ranar ma, Dogo za ka fara tambaya wace Asabar ce ta fi masa sauƙi, kafin ka tambayi masu hutun makaranta. Sannan ka ba shi aiki. Mutumin da yake kwana a kicin ɗin Turawa ya fi ku duka sanin abinci da farashinsa, ka ce cefane da cimar wunin nan a hannunsa suke. Wanda aka ba ragama ba ya jin an ɗauko shi ne don tausayi. Sa'arsa ɗaya, Burusel ta fi Lil da Faris kusa: jirgin ƙasa mai gudu wajen awa biyu yake yi, motar bas irin ta FlixBus ta fi jinkiri amma ta fi araha nesa ba kusa ba. Ko wanne za ku hau, ku yanki tikiti da wuri, don farashin yana hawa ne yadda ranar take matsowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu garin. Na taɓa zama a Holan na ɗan lokaci, wani kwas kan sha'anin ruwan fadamar Logone ya kai ni, kuma duk Asabar ɗin da na samu sarari Amstadam nake shiga. Abin da zan gaya maka shi ne garin nan daga cikin ruwa ake ganinsa. Hanyoyin ruwansa ba koguna ba ne irin Binuwai, haƙa su aka yi da hannu, manyan guda uku, Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, a ƙarni na 17, lokacin da fataken garin suke juya dukiyar duniya. Sun zagaye tsohon gari kamar zoben albasa, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2010. In aka haɗa tsawon hanyoyin ruwan garin duka ya haura kilomita 100, gadoji kuwa sun fi dubu. Ƙasar wurin taɓo ce, don haka a kan turakun itace aka kafa gidajen. Fadar sarki da ke dandalin Dam kaɗai a kan turaku 13,659 take zaune. Za ka ga gidaje sirara masu tsayi, wasu sun karkata kamar tsofaffin da suka gaji da tsayuwa, kowanne da ƙugiya a can ƙololuwa ta jan kaya sama da igiya, don matakalar ciki ba ta ɗaukar gado ko kabad. Duk wannan, wanda yake zaune a kwale-kwale yana ganinsa a kyauta yana tauna gyaɗa.

Jirgi iri biyu ne. Akwai manya masu rufin gilashi da ake cika baƙi a ciki, murya tana ba su tarihi cikin harsuna, awa ɗaya a sauke su. Ba naku ba ne wannan, don ba a hira a ciki. Naku shi ne ƙaramin kwale-kwale mai lantarki da ake ba da haya da awa, ku tuƙa da kanku. Ba ya buƙatar lasisi, tafiyarsa ba ta wuce ta mai sauri a ƙafa ba, don gudun da doka ta yarda da shi a ruwan cikin gari kilomita 6 ne a awa. Ka kama shi ta intanet tun da sauran kwanaki, ka tabbatar yana ɗaukar mutum bakwai, don wasu na shida ne. Awa biyu ko uku sun isa. Ku bi hannun dama, in babban jirgi ya taho ku ba shi hanya ba gardama, shi ba ya iya kaucewa. In kun zo inda Reguliersgracht ta haɗu da Herengracht ku rage gudu ku leƙa, gadoji bakwai ne a jere ɗaya cikin ɗaya. Ku bakwai, gada bakwai, kowa ya zaɓi tasa.

Su biyun da ba su iya ruwa ba, kada a mai da maganarsu abin dariya. Ruwan nan zurfinsa ya kai mita biyu zuwa uku, da sanyi ko a Yuli, gefensa katanga ce a miƙe, ba gaɓar yashi irin ta Binuwai da rani da mutum zai rarrafo ya fito ba. A ƙasansa kuma akwai tarkace, dubban kekuna ake tsamowa duk shekara. Dorina dai babu, wannan kam na ba ka tabbaci. Ka tambayi masu hayar rigar da ke hana nutsewa tun lokacin da kake kama jirgin, su biyun su sa, su zauna a tsakiya. Ba mai miƙewa tsaye ɗaukar hoto in an doshi gada, wasu gadojin sai an sunkuya. Iya ruwa fidda kai, in ji Hausawa, kuma gwanayen ruwan cikinku ma ban yarda su gwada bajinta a nan ba. Matuƙi ya zama wanda ya fi kowa sanyin rai, ba wanda ya fi kowa baki ba.

'Yan Faris kuwa, ba sai ka yi musu wa'azi ba, hukumar garin ta riga ta yi maka aikin. An hana sakin kiɗa da lasifika a kan ruwan, kuma akwai masu sintiri da ke cin tara. Mutanen Amstadam sun gaji da baƙin da ke zuwa su yi ihu su tafi. A 2023 har talla hukumar ta yi tana gaya wa samarin Ingila masu zuwa shaye-shaye su yi zamansu a gida. Ka ga ɗalibi baƙar fata mai katin zama na shekara-shekara ba shi ne zai je ya gwada haƙurinsu ba. Amma kada ka raina buƙatarsu. Samari ne, sun sha karatu da sanyi wata tara, suna son su ji ganga. Ka duba ko ranarku ta faɗa cikin bikin Kwaku, wanda ake yi a ranakun ƙarshen mako na Yuli da farkon Agusta a filin shaƙatawa na Nelson Mandela da ke unguwar Bijlmer. Ya samo asali ne daga gasar ƙwallon yaran unguwa a 1975, yanzu ya zama taron mutanen Surinam da Gana da sauran baƙaƙen fatar garin, da kiɗa da ƙwallo da hayaƙin gashi ko ta ina. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum daga tsakiyar gari. Ana sayar da giya a wurin kuma ba kowane nama ne naku ba, sai an tambaya. Shawarata, wunin ya zama na kowa da kowa har zuwa wajen ƙarfe 7 na yamma, daga nan mai son Kwaku ya tafi Kwaku, mai son komawa ya nufi tasha, ba mai hararar wani. Ka faɗi wannan tun yanzu a cikin taron, kada ya zama abin da za a yi jayayya a kansa a bakin titi.

Ustaz bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labari ya ji. Unguwar da yake tsoro, De Wallen, tana nan, kuma tana dab da babbar tashar jirgin ƙasa, ta gabashin hanyar da ta miƙe zuwa Dam. Baƙon da ya bi ayarin jama'a bai san inda za shi ba yana iya tsintar kansa a ciki. To ku da kun sani sai ku bi ta yamma, ta wajen Jordaan, shi ke nan. Unguwa ce ta 'yan lunguna, ba ita ce garin ba, kamar yadda ba a auna Garwa da abin da ake yi a bayan tasha da tsakar dare. Abu na biyu da za ka gargaɗi kowa: shagon da aka rubuta wa "coffeeshop" ba gahawa ce sana'arsa ba, wiwi ake sayarwa, har da wanda ake kwaɓawa cikin kek. Mai son shayi ko gahawa ya nemi gidan shan shayi na sosai, kuma kada wanda ya karɓi kek ko alewa a hannun wanda bai sani ba.

Sauran rabin labarin da Ustaz bai ji ba shi ne garin cike yake da Musulmi, Turkawa da Marokawa da suka zo aiki tun shekarun 1960 da jikokinsu, ga na Surinam, ga namu na Afirka ta Yamma. A kan titin Rozengracht, tafiyar ƙafa daga Dam, akwai masallacin Fatih, wanda asalinsa cocin Katolika ne, in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi. Can yamma kuma akwai masallacin Westermoskee da aka buɗe a 2016, ginin jan bulo mai ƙubba da hasumiya irin na Turkiyya, a bakin ruwa. Shi ma Ustaz ka ba shi aiki kamar Dogo: lokutan salla da inda za a yi ta a wuyansa suke. Zai sha mamaki kuwa, don a farkon Yuli azahar sai wajen biyu saura kwata take shiga, la'asar wajen 6, rana kuma ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare. Ku matafiya ne, daga Lil kaɗai tafiyar ta haura kilomita 250, don haka maganar ƙasaru da haɗa azahar da la'asar ta taso. Shi ya fi ni sanin babin, ya yanke muku. Da zarar ya ga shi ake jira ya ce a tashi a yi alwala, ba za ka ƙara jin maganar a cire sunansa ba.

Ga yadda ni zan yi wunin in da ni ne. Asabar, ba Lahadi ba, don kasuwar Albert Cuyp da ke unguwar De Pijp ba ta ci ran Lahadi. Ku haɗu da hantsi a babbar tasha, ka faɗi ƙofa ɗaya takamaimai, don tashar tana da fuska biyu, ta gari da ta ruwa, kuma masu zuwa da bas yawanci a Sloterdijk ake sauke su, sai sun ƙara ɗan jirgi. Ku wuce kasuwa Dogo ya yi cefane: burodi, cuku, 'ya'yan itace, gasasshiyar kaza daga mahautan halal, da wainar nan tasu mai zuma-zuma a tsakiya da suke kira stroopwafel, a ci ta da zafinta. Mai ƙarfin hali ya gwada ɗanyen kifinsu mai gishiri da albasa. Ni na gwada sau ɗaya, ɗan bakin tafkin Lagdo da ya saba da soyayyen karfasa bai ga abin yabo ba. Daga nan sai kwale-kwale, a ci abincin a kan ruwa. In an sauka a yi salla, a nufi Vondelpark a baje a kan ciyawa, wanda ya zo da fulas ɗin shayi ya zama sarkin wunin. Nan ne ainihin abin da kuka zo yi zai faru, kada ka sa masa iyaka da agogo. Da yamma, a bayan babbar tasha akwai jiragen fito da suke ƙetare ruwan IJ, ba a biyan ko sisi. Ku hau mai zuwa NDSM, wajen minti 15, tsohon wurin ƙera jiragen ruwa ne da masu zane suka mamaye bangayensa. Gidajen tarihi ku bar su sai wani zuwan. Rijksmuseum kaɗai yana cin rabin wuni, na Van Gogh kuma sai da tikitin da aka yanka wa awa tun kafin ranar.

Kada kalmar bazara ta ruɗe ku. Abin da Turawa suke kira lokacin zafi ba bazarar Garwa ba ce ta Maris da Afrilu da kwalta take narkewa. A Holan ana iya wayar gari da rana, azahar a yi yayyafi, yamma iska mai sanyi ta taso daga teku. Kai da ke Lil ka san wannan, amma a kan ruwa sanyin ya fi. Kowa ya zo da rigar ruwa mara nauyi da takalmin tafiya, ba takalmin ɗaukar hoto ba. Ku zo da gorar ruwa, na famfonsu ana sha. Katin banki ya fi tsabar kuɗi amfani, motocin bas na gari ba sa karɓar tsaba, shaguna da yawa ma haka, ban-ɗaki kuma galibi sai an biya. Sai keke. Jan kwaltan da ke gefen titi hanyar masu keke ce, ba ta masu ƙafa ba. Ranar da na fara shiga garin na tsaya a kai ina kallon gini, wata tsohuwa da ta girmi uwata ta taho a guje tana kaɗa ƙararrawa, ta zazzaga mini abin da har yau ban nemi fassararsa ba. 'Yan acaɓan Garwa sun fi su tausayi.

Takardu kuma, kowa ya ɗauko fasfo da katin zamansa, na ainihi ba hoto a waya ba. Ƙasashen Shengen ne, ba a neman biza tsakaninsu, amma ana iya tsayar da bas a kan iyaka a duba kowa, kuma dokar Holan ta wajabta wa duk wanda ya kai shekara 14 ya nuna shaida in ɗan sanda ya nema. In akwai wanda katinsa yake hannun hukuma ana sabuntawa, ya tabbatar takardar da aka ba shi ta riƙo tana ba shi damar fita ya dawo, tun kafin ya yanki tikiti. Ka yi wannan tambayar a keɓe ita ma. Ba kowa ne yake son a san halin da takardunsa suke ciki ba.

Saura Inna. Ba Amstadam take tsoro ba, ba ta san inda take ba. Abin da ya tsorata ta shi ne a bakin ƙanwarka ta ji, ba a bakinka ba. Ka kira ta kafin tafiyar, ka lissafa mata sunayen waɗanda za ku tafi tare da sunayen iyayensu, ai duk ta san gidajensu, ka ce har da Ustaz, shi ne limaminku. Ka nemi ta sa muku albarka. Ranar kuma ka kira ta da bidiyo, duk wanda bai riga ya tafi ba ya gaishe ta ɗaya bayan ɗaya, Dogo ya fara. Ka daidaita kiran da lokacin da ta idar da lisha: agogon Holan yana gaban na Garwa da awa ɗaya a wannan lokacin, wato ku kuna wajen ƙarfe 9 saura. Ka juya mata wayar ta ga rana tana nan a sama ba ta da niyyar faɗuwa. Na san irin su Inna, maganar lalacewa za ta bi ruwa, abin da za ta shiga tambaya shi ne yadda kuke yi da azumi a irin wannan ƙasa.

Kawunku, daga Garwa